Henriette Browne: Bafaranshiyar Da Ta Shiga Cikin Gida A Santambul

A watan Mayu na shekarar 1861 aka buɗe babban baje kolin zane-zane na birnin Paris, wanda Faransawa ke kira Salon. A wancan zamani babu abin da mai zane yake buri kamar a rataya aikinsa a wannan wuri, domin nan ne sarki da fadawansa da attajirai da 'yan jarida suke haɗuwa, nan ake yin suna, nan kuma ake zubar da shi. Cikin dubban hotunan da aka rataya a wannan shekara akwai wasu guda biyu da suka tsayar da 'yan kallo, suka kuma raba kan masu sharhi. Dukansu biyu suna nuna matan Turkawa ne a cikin gidajensu a Santambul. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne ga mutanen Paris, don sun daɗe suna kallon irin waɗannan hotuna har sun saba. Abin da ya zama sabo shi ne, wadda ta zana su mace ce, kuma ta taka da ƙafarta ta shiga inda take ba da labari. Sunan da ta sa a ƙasan hotunan shi ne Henriette Browne.

Kafin mu je ga tarihinta, ya kamata mai karatu ya san kasuwar da ta kai hajarta. Tun daga lokacin da Napoleon ya kai yaƙi Masar a 1798, da kuma lokacin da Faransa ta afka wa Aljeriya a 1830, Faransawa suka kamu da son ganin ƙasashen Musulmi, waɗanda suka haɗa su duka a buhu ɗaya suka kira su "Gabas", ko da kuwa Maroko ce, wadda a taswira ta fi Paris kusa da yamma. Malamanmu sun fi sanin ɓangaren masana daga cikinsu, wato waɗanda ake kira mustashriƙai, masu nazarin Larabci da littattafan addini. To, akwai kuma ɓangaren masu burushi da fenti, waɗanda suka cika bangon gidajen Turai da hotunan raƙuma da kasuwanni da masallatai da mahaya dawaki. Amma babu hoton da ya fi ciniki kamar na harem.

Kalmar harem daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da haram da harami, wato wurin da aka kange aka girmama. A gidan Baturke mai hali akwai sashe biyu: selamlik, inda maigida ke karɓar baƙi maza, da haremlik, inda iyali suke. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, zaure ne da cikin gida, kuma duk wanda ya taɓa ganin an rubuta "ba shiga" a ƙofar gida ya gane. A can ciki akwai uwar maigida da matarsa da 'ya'yansa da ƙannensa mata da barori, ana girki, ana ɗinki, ana reno, ana faɗa ana shiryawa. Amma da yake an hana Bature namiji leƙawa, sai ya cike gurbin da abin da zuciyarsa ta raya masa. Babban misali shi ne Ingres, wanda Faransawa ke ji da shi ƙwarai. A 1814 ya zana wata ƙwarƙwara kwance tsirara, ya ja mata gadon baya har masu sharhi suka ce ƙasusuwan bayan sun fi na ɗan Adam yawa. A 1862, yana ɗan shekara 82, ya gama wani hoton na gidan wankan Turkawa wanda ya cusa mata tsirara a ciki kamar kifi a kwando. Wannan dattijo kuwa har ya mutu bai taɓa wuce Italiya ba. Ko Delacroix, wanda ya je Maroko da Aljeriya a 1832 ya kuma zana matan Aljiyas a ɗakinsu a 1834, kwana uku kacal ya yi a birnin, kuma abin da ake faɗa shi ne alfarma aka yi masa ya ɗan leƙa gida ɗaya.

A irin wannan yanayi Browne ta fito. Sunanta na yanka Sophie de Bouteiller, an haife ta a Paris a 1829, 'yar gidan sarauta ce mai asali daga yankin Brittany. Ta fara koyon zane a 1849 a wurin Emile Perrin, wanda daga baya ya shahara wajen shugabancin manyan gidajen wasan kwaikwayo na Paris, sannan a 1851 ta koma ajin da Charles Chaplin ya buɗe domin mata. Dole ce ta sa ta bin wannan hanya, domin babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta fara karɓar mata ba sai a 1897, lokacin da ita ta riga ta tsufa. A 1853 ta fara kai aikinta Salon, ta kuwa ɓoye sunanta ta ari na kakarta ta wajen uwa, Henriette Browne. Dalili a fili yake. A ganin mutanenta, 'yar babban gida tana iya yin zane don ɗebe kewa, amma ta fita kasuwa ana tayin aikin hannunta, wannan zubar da girma ne. 'Yan'uwanmu mata marubuta da suka fara da ɓoye suna don gudun bakin dangi za su fi kowa fahimtar wannan.

Ta auri Jules de Saux, ma'aikacin jakadanci, sakataren Count Walewski. Shi Walewski ɗan Napoleon na farko ne, shi ne ministan harkokin wajen Faransa da ya shugabanci taron sulhun Paris na 1856 wanda ya kawo ƙarshen Yaƙin Kirimiya, yaƙin da Faransa da Ingila suka mara wa Turkiyya baya a kan Rasha. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin ƙofar da ta buɗe mata daga baya.

Ba da hotunan Gabas ta fara suna ba. Ayyukanta na farko na yara ne 'yan makaranta, da masu karatun Baibul, da mata masu hidimar coci. Ta sami lambar yabo a babban baje kolin duniya na Paris a 1855, sarki Napoleon na uku da matarsa Eugenie kuma suka sayi ayyukanta. Wanda ya ɗaga ta sama shi ne na 1859, hoton wasu mata biyu 'yan ɗariƙar jinƙai ta Katolika, ɗaya ta rungume yaro marar lafiya a cinyarta, ɗaya tana haɗa magani a gefe. Dillalin zane Ernest Gambart ya kai hoton Landan, Ingilishi suka yi ta tururuwar kallo, har ta kai ana ganin a Ingila ta fi farin jini bisa ga ƙasarta. Wannan hoto yana gidan ajiye zane na birnin Hamburg a Jamus. Duk wanda ya lura da shi zai ga halinta tun daga nan: tana son wurin da mata ke zaune su kaɗai suna aikinsu, ba su damu da mai kallo ba, kuma ba ta cika ɗaki da tarkace.

A 1860 ta yi tafiya zuwa Santambul, hedkwatar Daular Usmaniyya (ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba), a ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Abdulmajid. Matsayin mijinta ya sa aka karɓe ta a gidajen manya, aka shigar da ita har cikin gida. Ba ita ce Baturiya ta farko da ta shiga ba. Tun a 1717 matar jakadan Ingila, Lady Mary Wortley Montagu, ta shiga ta rubuta wasiƙu waɗanda aka buga a 1763, kuma abin mamaki, daga bayanin da ta yi na wani gidan wankan mata ne Ingres ya kwafi abin da ya gina hotonsa a kai, ya bar abin da ta ce game da kamun kan matan ya ɗauki tsiraicin kawai. Mata da yawa sun biyo bayanta da alƙalami. Amma ƙwararriyar mai zane wadda Salon ya riga ya san da ita, wannan sai a kan Browne.

Hoton farko ta kira shi Une visite, wato "Ziyara". Ɗaki ne babba mai rufin baka, bangonsa fayau babu ado. Wasu mata sun zo baƙunta da lulluɓinsu na fita unguwa, matan gida sun taso tarbarsu, ana gaisawa cikin ladabi, ga yarinya ƙarama a tare da su, wasu kuma na zaune a gefe suna kallo. Kowace mace a suturce take tun daga wuya har ƙasa. Babu maigida, babu alamar ana jiransa. Na biyun kuwa wata mai busa sarewa ce matan gida suka kewaye suna saurare. Shi ke nan. Wanda ya zo neman abin da ya saba gani a wurin Ingres sai ya tarar da abin da kowace mace ta sani, a Santambul ko a wani wuri: an zo gaisuwa, za a zauna a yi hira, a sha wani abu, a tashi kafin magariba.

A ganina ƙarfin hoton yana cikin abin da ta zaɓa ta nuna, wato ziyara. Mazan da suka gabace ta sun ɗauki harem a matsayin kurkuku mai ƙofa ɗaya, wadda namiji ɗaya ke riƙe da mabuɗinta, matan ciki kuma ba su da aiki sai kwanciya da jira. Ita kuwa ta nuna cewa ƙofar tana buɗewa, mata na shiga suna fita, suna da zumuncinsu da tsarin girmamawarsu, akwai babba akwai ƙarama, akwai uwar gida akwai baƙuwa. Yarinyar nan da ta sa a tsakiya ma magana ce, domin yaro na tuna wa mai kallo cewa nan gidan iyali ne. A hotunan maza da wuya ka ga yaro.

Masu sharhi suka rabu. Theophile Gautier, babban marubuci wanda shi kansa ya je Santambul a 1852 ya rubuta littafi a kanta, ya yaba ƙwarai. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, mata ne kaɗai ya kamata su riƙa zuwa Turkiyya, don namiji ba ya ganin komai sai hasumiya da bango da mata a lulluɓe, alhali mace ana buɗe mata ƙofa. Wasu kuwa ransu bai so ba. Suka ce ina zinariyar, ina darduma da alharini, ina kyawawan da aka yi musu alkawari? Suka ga ɗakin ya yi kama da gidan matan coci da ta saba zanawa. Ashe dai wanda ya saba da ƙarya mai zaƙi, ran da aka kawo masa gaskiya sai ya ce ba gishiri. Duk da haka an ba ta lambar yabo mai daraja ta biyu a wannan shekara, kuma daga nan aka sa ta cikin jerin masu zanen Gabas.

To, amma kada mu yi saurin naɗa mata rawani. Akwai abubuwan da ya kamata a auna.

Na farko, zamanta a Santambul gajere ne, kuma a matsayin baƙuwa ta shiga. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma kowa ya san gidan da ake jiran baƙuwa, musamman matar babban jami'in wata ƙasa, an share shi, an yi kwalliya, an kuma ja wa yara kunne. Abin da ta gani gaskiya ne, amma gaskiyar ranar baƙi ce. Ba ta ga ranar da kishi ya tashi ba, ba ta ga ranar rabon gado ba. Har ila yau, zargin da aka yi mata na cewa ta mai da harem gidan coci ba a banza yake gaba ɗaya ba. Mai zane da idonsa yake tafiya, ita kuwa idonta ya riga ya saba da ɗakuna masu tsit da mata masu natsuwa, ba mamaki abin da ta sani ne ta fi saurin ganewa a can.

Na biyu, akwai bauta. Manyan gidajen Santambul na wancan lokaci cike suke da kuyangi, farare daga ƙasar Sarkasiya da baƙaƙe daga Afirka. Kalmar odalisque da Faransawa suka mayar ta zama sunan tsirarar mace a hoto, asalinta odalik ce ta Turkanci, wato baiwa mai hidimar ɗaki. Wannan batu kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi da bayi ita ce wadda ta tashi daga Barno da ƙasar Hausa ta ratsa Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus, daga nan a sa su a jirgin ruwa zuwa biranen Turkawa. Sai a 1857, shekara uku kafin zuwan Browne, Sarkin Musulmi ya ba da umarnin hana cinikin bayi baƙar fata, kuma umarnin bai 'yanta waɗanda ke cikin gidaje ba, bai kuma tsayar da fataucin nan take ba. Mazan Turai sun yi ƙarya da suka mai da harem gidan masha'a. Amma hoto mai tsabta da natsuwa shi ma yana iya rufe wani abu, kuma mai kallon "Ziyara" ba zai fita da tambayar ko wace ce ta share wannan ɗaki, ko daga ina aka kawo ta ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayin mai sha'awar rubutu. Matan da ke cikin hoton ba su da suna. An rataya su a Paris, an yi musu kuɗi, an yi gardama a kansu a jaridu, ba wanda ya ji ta bakinsu. Yabon Gautier ma in an duba shi da kyau, ya mai da Browne 'yar aike ce, wadda aka tura ta leƙo wa maza abin da aka hana su gani. Wato an gaskata ta ne don ita mace ce, ba don gwanintarta ba, kuma wannan gaskatawa ita ce ta zame mata shinge, aka riƙa auna aikinta da ma'aunin shaida maimakon ma'aunin fasaha. Wannan batu ne Reina Lewis ta tattauna a littafinta Gendering Orientalism na 1996, inda ta ɗauki Browne ta gwada ra'ayin Edward Said da ita. Shi Said, a littafinsa Orientalism na 1978, ya nuna yadda ilmin Turawa game da Gabas ya tafi kafaɗa da kafaɗa da mulkin mallaka, sai dai kusan duk misalansa maza ne. Lewis ta nuna cewa matan Turai ma sun sa hannu a wannan gini, ko da yake daga wata kusurwa suka tsaya, kuma wani lokaci abin da suka kawo ya saɓa wa na mazan.

Amsar matan Turkawa ta zo, amma sai da aka yi kusan shekara 30. Fatma Aliye, 'yar babban malamin tarihi kuma waziri Ahmed Jaudat Pasha, ta rubuta Nisvan-i Islam a farkon shekarun 1890. Littafin hira ce tsakaninta da Turawa mata masu zuwa ziyara gidansu, suna tambaya game da auren mace fiye da ɗaya da lulluɓi da kuyangi, tana ba su amsa. Ka ga ziyarar nan dai ce da Browne ta zana, amma yanzu uwar gida ce ke riƙe da alƙalami. A 1914 kuma aka buɗe makarantar zane ta mata a Santambul, inda Mihri Hanim, Baturkiya mai zane, ta koyar har ta shugabanta. Mu ma muna da makamancin wannan. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954, ta shiga inda mijinta M. G. Smith ba zai iya shiga ba. Bambancin shi ne ita ta bar Baba ta yi magana da bakinta. Duk da haka sai da matan Hausawa suka ɗauki biro da kansu a shekarun 1980 sannan labarin cikin gida ya fara fitowa ba tare da tafinta ba.

Wani abin dariya kuma, hoton nan na gidan wanka da Ingres ya ƙaga, wanda ya saye shi a 1865 Khalil Bey ne, attajiri kuma tsohon jakadan Daular Usmaniyya da ke zaune a Paris. Saboda haka ba za a ce Turawa kaɗai ke cin wannan kasuwa ba.

Browne ta ci gaba da tafiye-tafiye. Ta je Maroko a tsakiyar shekarun 1860, ta je Masar da Sham a 1868 zuwa 1869, dab da buɗe mashigin ruwan Suwes. Abin lura shi ne ba ta mai da harem sana'a ba, ko da yake nan kuɗin yake. Ta koma kan abin da ta fi so tun farko, wato yara da makarantu da masu karatu, ta zana ɗalibai Yahudawa da malaman Kibɗawa da yaran ƙauyen Masar. Ba duka ne suka tsira daga cutar zamaninta ba. Hoton da ta yi a 1863 na wata yarinya Bagirkiya da aka kama, wanda ke hannun gidan zane na Tate a Landan, da na wata yarinya da tsuntsun aku na 1875 da ke Bournemouth, sun fi kama da abin da kasuwa ke so: an sa wa yarinya kayan baƙi an zaunar da ita don a ce kai, ga kyau. Ta kuma ƙware a sassaƙa hoto a kan farantin ƙarfe domin bugawa, inda ta kwafi ayyukan Alexandre Bida, wani mai zanen Gabas ɗin.

Daga ƙarshen shekarun 1870 ta janye daga baje koli. A lokacin iska ta riga ta juya, Monet da abokansa sun fito da sabon salo tun 1874, irin zanenta mai santsi da bin ƙa'ida ya fara zama tsohon yayi. Ta rasu a Paris a 1901 tana da shekara 71, kuma kusan duk ƙarni na 20 littattafan tarihin zane ba su cika ambatonta ba, sai da masu bincike mata suka tono ta. "Ziyara" yana hannun wani mai tara zane, ba a gidan kallo na jama'a ba, yawancin mutane a littafi ko a intanet suke ganinsa. Wanda ya fi yawo a yau cikin ayyukanta ba na Gabas ba ne ma. Yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, hoton wata yarinya ce zaune a tebur tana rubutu, ta ɗaga kai daga takarda tana kallon wani ɗan tsuntsu da ya fito daga kejinsa ya sauka kusa da hannunta.